Dokar Bayh-Dole ta 1980 da yadda aka karanta kalmominta

Kafin shekarar 1980, in gwamnatin Amurka ta ba wata jami'a kuɗin bincike aka gano magani, galibi gwamnatin ce ke riƙe takardar mallakar ƙirƙirar, wato abin da ake kira brevet da Faransanci. Takardun suka taru a hannunta har kimanin 28,000, amma waɗanda kamfanoni suka karɓi lasisin aiki da su ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, don kamfani ba ya zuba dukiyarsa a maganin da kowa ke iya kwaikwaya gobe. Da wannan hujja ce ƴan majalisar dattawa biyu, Birch Bayh da Bob Dole, suka kawo dokar da Shugaba Carter ya sa wa hannu ran 12 ga Disamba 1980.

Dokar ta bar wa jami'a mallaka, amma da sharuɗɗa. In malami ya sanar da jami'arsa abin da ya gano, tana da wata 2 ta gaya wa hukumar da ta ba da kuɗin, wadda a fannin lafiya yawanci NIH ce. Tana da shekara 2 ta faɗi ko za ta riƙe, sannan shekara 1 ta nemi takardar. Wajibi ne ta ba mai ƙirƙirar rabonsa cikin abin da lasisi ya kawo, ragowar ta sa a bincike da koyarwa. Ita kuma gwamnati tana da izinin amfani da ƙirƙirar kyauta.

Abin da ya ja hankalina, ni da harshe ne fannina, shi ne rigima biyu da suka taso daga lafazi. Ta farko shari'ar jami'ar Stanford ce da kamfanin Roche. Wani mai bincike kan auna yawan ƙwayar cutar sida a jini ya sa hannu a takarda biyu. A ta jami'a ya ce ya yarda zai miƙa haƙƙinsa. A ta kamfanin Cetus, inda ya je koyon aiki a 1989, ya ce ga shi ya miƙa. Mai jin Hausa ba ya bukatar Austin ko Benveniste su bayyana masa bambancin: waliyyin da ya ce "zan ba da" alkawari ya yi, wanda ya ce "na ba da" ya ɗaura aure. Kotun ɗaukaka ƙara ta karanta takardun haka a 2009, ta ba Roche, wanda ya sayi wannan sashe na Cetus, gaskiya. A 2011 Kotun Ƙoli, da alƙalai 7 a kan 2, ta ce dokar ba ta mallaka wa jami'a kome kai tsaye sai mai ƙirƙira ya miƙa. Jami'o'i suka gyara takardunsu, a 2018 kuma aka sa miƙawar a rubuce cikin ƙa'idojin dokar.

Rigima ta biyu ba ta sami irin wannan gyara ba. Dokar ta ba gwamnati ikon ba wani kamfani lasisi in ba a kai ƙirƙirar ga jama'a bisa sharuɗɗa masu dacewa ba. To, farashi yana cikin sharuɗɗan? A 2002 Bayh da Dole da kansu suka rubuta a jaridar Washington Post cewa ba su nufi farashi ba. A ƙarshen 2003 kamfanin Abbott ya ninka kuɗin Norvir, maganin sida, sau biyar. Aka kai kuka, NIH ta amsa a 2004 cewa maganin yana kasuwa, batun tsada kuwa na majalisa ne. Tun ƙarar CellPro ta 1997 har ta maganin Xtandi a 2023, duk wanda ya nemi a yi aiki da wannan iko an mayar da shi hannu rabbana. A ganina ba tuntuɓen alƙalami ba ne: wa'adin jami'a an rubuta shi da lamba, haƙƙin majiyyaci kuwa da sifa.

Jama'ar da dokar ke nufi ma ta Amurka ce. Jami'ar Yale ce ke da mallakar amfani da stavudine a kan sida, ta ba Bristol-Myers Squibb lasisi shi kaɗai a 1988. Babu sharaɗin dokar da ya tilasta mata duba majiyyatan Afirka ta Kudu, inda takardar ke aiki. Ƙungiyar Médecins Sans Frontières da ɗaliban jami'ar ne suka matsa, William Prusoff, ɗaya daga waɗanda suka gano amfanin maganin, ya goya masu baya. A Maris 2001 kamfanin ya ce ba zai hana kwaikwayon maganin a can ba, ya kuma sauko da kuɗinsa a Afirka zuwa kimanin dala 55 a shekara.