Pauline Jaricot da Kwabonta na Mako-mako

Duk wanda ya bi ta Place des Pyramides a Paris zai ga mutum-mutumin wata budurwa bisa doki, an shafe shi da ruwan zinari. Jeanne d'Arc ke nan, wadda aka harba da kibiya a ƙofar birnin a 1429, aka ƙone ta a Rouen a 1431, sannan Cocin Katolika ta sa ta cikin waliyyanta a 1920. Idan ana zancen shahararrun matan Kirista a Faransa, sunanta ne ke fara zuwa baki. Amma in dai wadda aikinta ya taɓa ƙasarmu ake nema, to sai a gangara Lyon.

A can aka haifi Pauline Jaricot a 1799, 'yar wani attajiri mai sana'ar siliki. Tana da shekara ashirin ta ɓullo da wata dabara ta tara wa masu wa'azin Kirista a ƙasashen nesa kuɗi. Ba ta je wurin sarakuna ko masu dukiya ba, mata ma'aikatan masaƙa ta nufa. Kowace ta ba da sou ɗaya a mako, wato kwabon Faransa na wancan zamani. Mutum goma su naɗa mai karɓa, masu karɓa goma su miƙa wa shugabar ɗari, haka har zuwa dubu. Bahaushe zai ce ai wannan adashi ne, sai dai a nan babu ranar kwasa. Ran 3 ga Mayu 1822 aka mayar da tsarin ƙungiya mai suna Propagation de la Foi, maza masu faɗa a ji suka karɓi ragamar, ita kuwa aka tura ta gefe.

Irin wannan kuɗi ne ya riƙa ɗaukar nauyin mishan na Katolika, har da ƙungiyar SMA da aka kafa a Lyon ɗin a 1856. Limamanta sun sauka Lakwaja a 1884, sun kai Shendam a 1907. Reshenta na mata, wato sistocin OLA, an kafa shi a 1876, su ne daga baya suka buɗe Queen of Apostles College a Kakuri, Kaduna, wadda ta koma Queen Amina College bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan. Ko me mutum zai ce game da mishan da alaƙarsu da mulkin mallaka, kuma akwai abin faɗi, 'yan mata da yawa, Kirista da Musulmi, sun yi karatu a cikin waɗannan azuzuwa.

Ƙarshen Pauline bai yi daɗi ba. Ganin wahalar masaƙan Lyon, waɗanda suka yi bore a 1831 da 1834, ya sa ta zuba dukiyarta a wata masana'antar ƙarfe a Rustrel, da nufin a biya ma'aikata haƙƙinsu yadda ya kamata. Waɗanda ta damƙa wa amana suka cinye kuɗin, suka bar ta da bashi. Matar da ta koya wa Turai tara kuɗi sai da aka rubuta sunanta cikin jerin matalautan birnin, ta rasu a 1862. A 1922 Fafaroma ya mayar da hedkwatar ƙungiyar Roma, sai a watan Mayun 2022 aka yi bikin ɗaga ta zuwa matakin da ke gab da waliyyai, a nan Lyon. Gidanta, Maison de Lorette, yana gangaren tudun Fourvière, a kan hanyar masu hawa da ƙafa.