Bakan Ƙarfe na Kariya a Tsofaffin Motocin Gudu

Bakan ƙarfe na kariya bututu ne mai kauri wanda ake lanƙwasawa kamar bakan da magina kan ɗaura a ɗakin soro, a kafa shi bayan kujerar direba, ƙafafunsa biyu a ɗaure da ƙashin motar, domin idan mota ta kife ko ta yi adungure nauyinta ya sauka a kansa maimakon kan mutum. An fi bukatarsa a ƙananan motocin gudu masu kujera biyu marasa rufi, irin su MG da Triumph da Austin-Healey, waɗanda aka ƙera a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma waɗanda a yau wasu masu sha'awa a Turai da Amurka ke saye, su gyara, su fita da su ran hutu ko su shiga gasa.

Waɗannan motoci, da yake gajeru ne kuma nauyinsu na kusa da ƙasa, ba su cika kifewa don gudu kaɗai ba. Galibin sababin shi ne mota ta zame a kwana ta tafi a kaikaice, sa'an nan taya ta ci karo da bakin titi ko kwalbati ko ƙasa mai laushi, ƙasan motar ya tsaya cik alhali samanta bai daina tafiya ba. Amma akwai waɗanda aibin yana cikin ƙirarsu. Triumph Spitfire, wadda ta fito a 1962, an haɗa tayoyinta na baya ta yadda idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayan motar kan ɗaga, tayar waje ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi. Sai a ƙarshen 1970 kamfanin ya gyara wannan illa. Kusan irin wannan zargi marubuci Ralph Nader ya yi wa motar Chevrolet Corvair a littafinsa na 1965. To, idan mota marar rufi ta juya ciki sama, ba abin da ke tsakanin kan direba da kwalta sai firam ɗin gilashin gaba, shi kuwa a tsofaffin motoci an yi shi ne don riƙe gilashi da tare iska, ba don ɗaukar nauyin mota ba.

Abin mamaki a tarihin wannan ƙarfe shi ne, waɗanda aka yi shi dominsu su ne suka daɗe suna ƙinsa. Har cikin shekarun 1950 mazhabar da ta rinjaya tsakanin direbobin tsere ita ce, gara mota ta cillar da mutum waje da ya zauna a ɗaure cikinta, kuma hujjarsu ba ta wofi ba ce, tun da yake motocin wancan zamani tankin mai na kewaye da direba, da zarar sun kife sai wuta. Saboda haka ba su ɗaura bel, ba su kuma ga amfanin baka. Masu tseren motocin gida a kudancin Amurka, wato ƙungiyar NASCAR, suna cikin waɗanda suka fara wajabta shi, a 1952, kuma a wannan shekarar aka hana direba Tim Flock nasarar da ya ci a bakin tekun Daytona, bayan masu bincike sun tarar bakansa na katako ne. Wannan ƙissa ta nuna yadda aka ɗauki dokar da fari, abin da za a nuna wa alƙali a wuce.

Shekarar 1958 ce ta fara girgiza waccan mazhaba. A watan Mayu, a zagayen farko na tseren Indianapolis, motoci 15 suka yi karo, motar Pat O'Connor ta haye kan wata, ta tashi sama, ta faɗo a kife, ya rasu nan take. Daga 1959 sai hukumar tseren ta wajabta baka a kan kowace mota. A watan Agusta kuma, a filin Nürburgring na Jamus, Ferrari ɗin Peter Collins ta wuntsila ta cillar da shi, ya bugi bishiya, ya cika a wannan rana, aka ga ashe cillawar da ake fata ita ma hanyar ajali ce. A 1961 aka shigar da sharaɗin baka cikin ƙa'idojin gasar tseren Formula 1, ko da yake bakunan farko sirara ne, wasu ma ba su kai tsayin kan direba ba. (Manoma sun riga manyan direbobin Turai: tun 1959 ƙasar Suwidin ta hukunta kada a sayar da sabuwar tarakta sai da ƙarfen kariya.)

Daga fagen tsere maganar ta koma majalisa. Bayan Amurka ta kafa dokar kiyaye lafiyar motoci a 1966, sai jita-jita ta bazu cewa za a haramta mota marar rufi ɗungurungum, kuma da yake Amurka ce babbar kasuwar waɗannan motoci, tsoron ya shiga ɗakin zanen kowane kamfani a Turai. Tun kafin dokar, Porsche ta nuna 911 Targa a Frankfurt a 1965, da faffaɗan baka na ƙarfe marar tsatsa bayan kujeru, ta mai da abin da ake gani kamar aibi ya zama ado. Triumph Stag ta 1970 ta zo da baka wanda aka haɗe da firam ɗin gilashin gaba. Triumph TR7 da Jaguar XJ-S kuwa, da suka fito a 1975, rufaffu aka yi su, aka kuma tallata Cadillac Eldorado ta 1976 a matsayin buɗaɗɗiyar mota ta ƙarshe a Amurka. Haramcin bai taɓa zuwa ba. A 1972 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa ba a ba hukumar gwamnati ikon kawar da wani jinsin mota gaba ɗaya da sunan ƙa'idar kariya ba, kuma ƙa'idar ƙarfin rufi da ta fara aiki a 1973, wadda ta ce rufi ya jure nauyin motar sau ɗaya da rabi, ta keɓe motoci marasa rufi. Daga bisani kamfanoni suka sami wata dabara: Mercedes-Benz SL ta 1989 tana da baka a kwance, wanda kan miƙe da kansa cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa idan na'ura ta ji motar za ta kife.

Sai dai duk wannan bai amfani wanda ke da MG samfurin MGB ta shekarun 1960 ba, domin doka ba ta komawa baya, kuma motocin MGB sama da rabin miliyan da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, masu buɗaɗɗen sama a cikinsu sun bar masana'anta ba baka. Al'amarin sai ya rage ga ijtihadin mai mota, kuma a nan saɓani ya auku tsakanin masu sha'awa. Wani ɓangare na ganin darajar tsohuwar mota tana cikin zamanta yadda ta fito, huda jikinta da walda kuwa ɓarna ce mai rage kyau da farashi. Wani ɓangaren na cewa mota ana sake ƙera ta, wuya ba a sake shi. Akwai kuma hujja ta uku, wadda a ganina ta fi biyun nauyi, alhali ita aka fi mantawa: baka ƙarfe ne tsirara daf da ƙeyar mutum, wanda ke tuƙi cikin gari kuwa ba ya sa hular kwano, don haka idan aka buge shi ta baya, abin da ya fi kifewa yawan aukuwa nesa ba kusa ba, kansa na iya dukan ƙarfen da ya saya don ya tsare shi. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin tsere suke sharɗanta a naɗe bakan da wani soso mai tauri wanda aka yi musamman don shanye bugu. Soson laushi irin na rufe bututun ruwa ba ya wadatarwa.

Abin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne baka da bel ba su rabuwa. Baka ba bel, mutum zai fita daga inuwarsa ya faɗa ƙarƙashin motar. Bel irin na tsere mai ɗaure kafaɗu biyu ba baka kuwa ya fi muni, domin yana riƙe mutum a miƙe, ya hana shi ko da sunkuyawa, kansa ya zama shi ne ginshiƙin da motar za ta sauka a kai. Haka nan ingancin bakan yana ga abin da ido bai cika gani ba: bututu marar ɗinki mai isasshen kauri, da wani ƙarfe da aka gitta daga kusurwa zuwa kusurwa don kada ya karkace, da tokare biyu zuwa baya don kada ya kwanta, da faranti a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta huda bene. Wannan na ƙarshe shi ne babbar matsalar tsofaffin motocin Ingila, waɗanda tsatsa ta daɗe tana cin ƙasansu. Baka komai ƙarfinsa, in an kafa shi a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, nutsewa zai yi. Amma bakunan ado masu sheƙi da ake sayarwa da araha, waɗanda aka ɗaure da noti biyu ko uku, masana na tsoronsu, don sukan lanƙwashe su rufto wa direba.

Game da tsayi, masu wannan harka suna da gwaji mai sauƙi wanda suke kira gwajin sandar tsintsiya, saboda tsintsiyar Turawa doguwar sanda gare ta. Direba ya zauna yadda yake tuƙi, da hular kwanonsa a ka, a ɗora miƙaƙƙiyar sanda daga ƙolin baka zuwa wani wuri mai ƙarfi a gaban motar, a duba ko hular ta taɓa. Da yawa daga bakunan da ake sawa a MG da Triumph ba su cin wannan jarrabawa, domin an rage musu tsayi don rumfar tamfol ta iya rufuwa a kansu, dogon mutum kuwa sai dai a sassauto masa da kujera. Ƙa'idar yawancin ƙungiyoyin tsere ita ce ƙolin baka ya ɗara saman hular kwano da aƙalla inci 2, wato kimanin santimita 5.