Tarihin haske: tsakuwa ne ko igiyar ruwa?

Mai karatu, dubi bisa rufin likitar garinku, ko kusa da pampon da kuke ɗibar ruwa. Wataƙila za ka ga wani baƙin faifai yana kallon rana. Shi ne muke ce ma pano. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, amma yana jawo ruwa daga rijiya, yana cika salula da wuta. Yaya hasken rana ke zama lantarki? Kafin a kai ga amsa, sai da masana suka yi shekaru ɗaruruwa suna gardama a kan tambaya guda: shin mene ne haske?

A da, masana da yawa sun ɗauka ido ne ke fitar da haske, ya je ya taɓo abin da ake kallo. Wani malami, Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya zauna a Alƙahira, shi ya gyara wannan kure. Ya yi gwaji cikin ɗaki mai duhu da ƴar kafa guda, ya nuna haske na tafiya miƙe, kuma daga waje yake shigowa ido. Kai ma ka ga haka: in rana ta ratso ta hudar rufi, sai ka ga sandar haske a miƙe cikin ƙura.

Bayan shekara wajen ɗari shida aka yi Isiyaku Niyuton a Ingila. A 1687 ya fitar da littafin da ya bayyana dokokin motsi. Ya ce ƙarfin da ke sa guga ya faɗa rijiya, shi ne dai ke riƙe da wata kada ya ɓace cikin sama. In ka san nauyin abu, da saurinsa, da ƙarfin da ke tura shi, za ka iya lissafa inda zai kasance gobe. Lissafin nan ya yi daidai ƙwarai, har yau da shi ake aikin gada da mota. To, da Niyuton ya juyo kan haske, sai ya ce shi ma ƴan ƙananan tsakuwoyi ne masu gudu. Wani masani na ƙasar Holan, Huigens, ya ce a'a, haske igiya ce kamar ta ruwa. Amma wa zai ja da Niyuton? Aka bi maganarsa shekara ɗari. A nan girman suna ya rinjayi hujja.

Wajen 1801 wani likita na Ingila, Tomas Yang, ya tado da maganar. Ka taɓa jefa duwatsu biyu cikin tabki lokaci guda? Kowane na yin zobba na igiyar ruwa. Inda zobban suka gamu, wani wuri ruwa ya ƙara tashi, wani wuri ya kwanta lum. Yang ya bi da haske ta ƴan kafofi biyu, sai ya ga layin haske da layin duhu a jere bisa bango. Haske da haske sun gamu sun haifi duhu! Tsakuwa ba ta yin haka, sai igiya. Aka ce gardama ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Je ka maƙera ka duba. Ƙarfe in ya sha wuta yana yin ja, in an ƙara zuga ya yi rawaya, daga nan ya doshi fari. Masana suka so lissafa launin da kowane zafi ke bayarwa, lissafi ya ƙi. A watan Disamba na 1900, Maks Palank na Jamus ya samo dabara. Ya ce abu mai zafi ba ya zubo da ƙarfinsa kamar ruwa daga buta, sai dai ƙulli-ƙulli. Kamar kuɗi ne a kasuwa: ana biya dala-dala, babu rabin dala. Ƙullin nan shi ake kira kwantum. Shi kansa Palank bai ji daɗin maganar ba, lissafi ne ya tilasta masa.

Akwai kuma wani abin mamaki da aka gani tun 1887. In aka haska wani ƙarfe, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikinsa, masu suna ilaktaron, sai su yi tsalle su fito. Gudun ƙwayoyin nan cikin waya shi ne lantarki. Amma ba kowane haske ke fitar da su ba. Jan haske, kome yawansa, ba ya motsa su. Haske mai shuɗi-shuɗi, ko wanda ya wuce shi har ido ba ya gani, ko kaɗan ne, nan take yake fitar da su.

A 1905 wani ma'aikacin ofis a birnin Berne na ƙasar Suwis, Albert Ainstain, mai shekara 26, ya warware ta. Ya ce haske kansa ƙulli-ƙulli yake tafiya, kuma ƙarfin kowane ƙulli daga launinsa yake. Ka tuna yaro mai son kaɗo goruba. In ya yini yana watsa rairayi, ko ɗaya ba za ta faɗo ba. Dutse guda mai nauyi ya isa. Jan haske rairayi ne, shuɗi dutse ne. Wani Ba'amurke, Milikan, bai yarda ba. Ya yi shekara kusan goma yana gwaji don ya ƙaryata shi, ƙarshe gwajin nasa ya gaskata Ainstain. Saboda wannan aiki aka ba Ainstain kyautar Nobel ta 1921.

To wa ke da gaskiya, Niyuton ko Yang? Kowa ya kama gefe guda. Haske in yana tafiya, halin igiya gare shi. In ya bugi abu, ƙulli ne. Kada ka damu in hankalinka bai kama ba, manyan masana ma sun daɗe suna jinjina ta.

A 1954, a Amurka, aka ƙera faifan farko mai amfani da wani sinadari, silikon, wanda ake samu daga rairayi. Cikin kashi 100 na hasken da ya sauka kansa, 6 kawai yake mayarwa lantarki. Na yanzu suna kai wajen 20.

Ƙasarmu ba ta zauna kallo ba. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, babban masanin wannan ilimi ne. Daga 1969 ya shugabanci ofishin makamashin rana a Yamai, inda aka yi ta ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Hasken da ke sauka bisa panon garinku ya yi tafiyar kilomita miliyan 150 cikin minti 8 da ƴan kai. Kowane ƙulli mai isasshen ƙarfi yana iya tura ilaktaron guda. Wanda ƙura ta tare kuwa ya zo a banza. Shi ya sa lokacin hunturu pampo ke rage ƙarfi in ba a goge faifan ba. Tsumma mai laushi da ruwa kaɗan, da sassafe kafin ya yi zafi, sun isa.