Sallama Kafin Sammaci

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa da rahama, ɗan doka ne na En'e, kuma ko da yake bai taɓa zama ajin da aka rubuta kalmar ɗa'a a kan allo ba, a wurinsa na fara ganin abin da daga baya na shafe shekaru fiye da talatin ina fama in koya wa hafsoshin 'yan sanda a makarantun horo na Arewa. In an aike shi da sammaci ba ya dosar gidan kai tsaye, sai ya biya ta wurin mai unguwa su taho tare, ya tsaya bakin zaure ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida, in mutumin ya fito ya ja shi gefe inda 'ya'yansa ba za su ji ba, sa'an nan ya gaya masa a hankali cewa alƙali na kiransa. Ran nan na tambaye shi dalilin wannan zagaye alhali takardar hukuma na cikin aljihunsa, sai ya ce wanda ka tozarta gaban iyalinsa, ko alƙali ya wanke shi, shi ba zai taɓa yafe maka ba.

Aikin tsaro a ƙasar nan tushe biyu gare shi, kuma duk wanda ya koyar da shugabanninsa ya san har yau ba su gama haɗuwa ba. Na farko shi ne na dogarai masu ja da kore, waɗanda bayansu akwai sarki, bayan sarki kuma akwai littattafan da malamai suka wallafa don yi wa masu mulki iyaka, tun daga risalar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, zuwa Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da Kitabul Farƙi inda Shehu Usmanu ya lissafa karɓar gaisuwa daga mai neman biyan bukata cikin al'adun azzalumai. Na biyu ya faro ne a Ikko cikin 1863, sa'ad da wani Bature mai suna Glover ya tara wasu masu jin Hausa ya ba su bindiga don su tsare masa mutanen da ba su san harshensu ba, kuma hikimar mai mulkin mallaka ke nan, a sa baƙo ya tsare ɗan gari don kada tausayi ya shiga tsakani. Wannan tushen ne ya haifi rundunar 'yan sandan Nijeriya da aka haɗe cikin 1930. Turawan hafsoshi sun koyi Hausa har suna cin jarrabawarta, amma Hausar da ta zauna a bariki Barikanci ce, harshen ba da umarni, wanda ba shi da kalmomin neman izini.

Wajibi ne in faɗi gaskiya game da 'yan doka, ko da yake da albashinsu aka raine ni. Sun san jama'a sani na haƙiƙa, sun san gidan da ake takaba da gidan da aka yi haihuwa, kuma muƙamin Wakilin Doka yana da daraja har ta kai ga marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe shi a Kano kafin ya hau gadon sarauta cikin 1963. Amma bayan kafa jam'iyyar NEPU cikin 1950, da wannan sanin ne aka riƙa farautar 'ya'yanta, domin wanda ya san inda mutuncin mutum yake, ya san inda zai sa wuƙa in ya so ya yanke shi, kuma dattijon da aka ratsa kasuwa da shi da ankwa ranar da take ci, an riga an hukunta shi tun kafin ya isa gaban alƙali. Wannan ya sa ban taɓa yarda da masu cewa sanin al'ada shi kaɗai zai gyara jami'in tsaro ba. In babu amana da tsoron Allah a ƙarƙashinsa, ƙarin makami ne aka danƙa wa azzalumi. Koke-koke irin waɗannan na cikin abin da ya sa gwamnatin soja, bisa shawarar kwamitin Yusufu Gobir, ta fara narkar da 'yan dokan En'e cikin rundunar tarayya daga 1968.

Abin da aka samu da wannan haɗewa shi ne doka ɗaya da horo ɗaya, abin da aka rasa kuwa shi ne mutumin da ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Lokacin da na shiga koyarwa manhajarmu fareti ce da harbi da haddar sassan Finalkod, wadda ta fara aiki a Arewa cikin 1960 bayan an kwaikwayo ta daga dokar Sudan. Abin mamaki, waɗanda suka tsara dokar bin shari'ar laifuka da ta zo tare da ita sun fi mu lura, gama sun rubuta cewa in za a shiga ɗakin macen da a al'ada ba ta fita bainar jama'a, dole a sanar da ita a ba ta damar kaucewa, kuma mace ba mai laluben jikinta sai 'yar'uwarta mace. Ɗalibanmu kan haddace wannan sashe su zuba shi a takardar jarrabawa, ba tare da wani ya taɓa nuna musu yadda ake yi a ƙofar gida ba. Ta wajen soja ma an gina makarantu masu kyau, NDA a Kaduna cikin 1964 da kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji cikin 1976, kuma tun 1967 Janar Gowon ya ba dakarunsa rubutacciyar ƙa'ida da ta haramta taɓa mata da yara da masallatai da majami'u da wanda ya miƙa wuya. Duk da haka cikin Oktoban wannan shekarar aka yi wa fararen hula kisan gilla a Asaba.

Abin da ya farkar da mu malaman horo shi ne tarzomar Maitatsine ta Disamban 1980, wadda kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ce ta ci rayuka 4,177. Mutanen 'Yan Awaki da malaman Kano sun daɗe da sanin abin da ake dafawa, sun kuma yi ta koke, amma hafsan da ba ya zama kan tabarmar zaure, wanda bai iya bambanta almajirin tsangaya da mai ɗauke da aƙidar kafirta Musulmi ba, ba shi da kunnen da zai ji su.

Daga nan na fara zana gida da alli a kan simintin filin fareti: ga zaure, ga ƙofar gida, ga shigifa, ga cikin gida da turaka. Sai in naɗa ɗalibi guda maigida, wani mai unguwa, wani ya yafa bargo ya zama uwargida, in miƙa wa na huɗu waranti in ce bismilla. Na farko da ya gwada, saurayi ne haziƙi daga Kudu, ya taka layukan nan huɗu da takalminsa cikin ƙiftawar ido, 'yan Arewa suka yi ta salati. Sai na share zanen na mai da shi rugar Fulani, sa'an nan shagon Inyamiri a Sabon Gari, sa'an nan majami'a ranar Lahadi, masu salatin nan kuwa suka yi ta tuntuɓe ɗaya bayan ɗaya, domin kowa hurumin gidansu kaɗai ya sani. A nan nake karanta musu hukuncin neman izini da ke cikin Suratun Nur da hanin tajassusi da ke cikin Hujurat, in roƙi Kiristocin ajin su kawo abin da nasu littafin ya ce, kuma ba mu taɓa rasa inda muka haɗu ba. Littattafan bincike da muka gada daga Ingila sun ce wanda ya kau da ido yana ɓoye gaskiya, alhali a wurinmu yaron da ya ƙura wa babba ido shi ne mara kunya. Na sha ganin rahoton da aka rubuta cewa mace ta ƙi ba da haɗin kai saboda ta ƙi faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta, ko Bafulatani ya yi taurin kai saboda bai nuna zafin abin da aka yi masa ba, alhali alkunya ce da fulaku, kuma da mai binciken ya kira ƙanwar matar ya tambaye ta, da ya sami sunan nan take.

Amma wannan darasi kullum a ƙarshen jadawali ake sa shi, bayan rana ta gama dafa ɗalibai, kuma ba ya ɗauke da makin da zai kayar da kowa. Na ga sakamakon haka da idona ranar da wata lalura ta kai ni wani caji ofis, na tarar da tsoho a bayan kanta, an tuɓe masa rawani da hula, an tsare shi a madadin ɗansa da ya gudu, kuma hafsan da ke kan aiki ɗalibina ne, wanda ya fi kowa iya sallama a gidan alli. Da na kalle shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, oga ne ya ce." Na kwana ban runtsa ba, domin na gane na koya masa yadda zai girmama talaka ban koya masa yadda zai ce a'a ga na sama da shi ba, kuma wata guda a ƙarƙashin baturen 'yan sanda mara imani yana rushe abin da muka gina cikin shekara. Kisan da aka yi wa Muhammadu Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri cikin Yulin 2009, bayan soja sun miƙa shi da ransa, ya nuna wa duniya inda wannan raunin ke kai ƙasa.

Dokoki sun zo daga baya, ta 2015 da ta haramta kama wani a madadin wani, da ta 2017 da ta haramta azabtarwa, da sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020, kuma na yi murna da su domin sun ba ƙaramin hafsa sandar dogarawa. A shekaruna na ƙarshe kafin in yi ritaya na ƙara ɗaki guda a zanen alli, na sa masa suna ofishin oga, ni da kaina nake zama a ciki in daka wa ɗalibi tsawa in ce ya je ya kamo mini uban yaron. Aikinsa shi ne ya ƙame, ya sara mini, ya ce cikin ladabi doka ba ta ba shi wannan ikon ba, ya roƙi a rubuta umarnin a littafin caji ofis a sa hannu. Cikin kowane aji kaɗan ne suke iyawa a karon farko, muryar wasu har rawa take yi ko da yake sun san gwaji ne, saboda haka nakan sa kowane ɗalibi ya maimaita sau uku kafin in bar shi ya fita daga layin allin.