Zafi da Sanyi a Tarihin Dafa Giya: Misali Daga Ƙasar Bafariya

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata matsala wadda ta daɗe tana ci wa madafa giya tuwo a ƙwarya a kudancin Jamus, wato yadda za a tsare ruwan tsiro daga zafi sa'ad da yake tsimuwa. Tsimuwa dai aikin yisti ce, wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu cin zaƙin tsiro su mai da shi barasa da iska. Shi kansa wannan aiki zafi yake haifarwa, har cikin tukunya ya fi ɗakin ɗumi. In zafin ya wuce kima, sai ƙwayoyin tsami su sami gindin zama, giya ta lalace, hatsi da itace su tafi a banza.

Mutanen da ba su san yisti abu ne mai rai ba, sai dai sun lura cewa dahuwar bazara ita ke ɓaci. Saboda haka a 1553 Albrecht na Biyar, mai mulkin Bafariya, ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba. Ma'aunin zafi bai zo ba tukuna, sai aka yi awo da kalanda.

Wannan doka ta haifar da abin da mai yin ta bai zata ba. Tun da dole a sami abin sayarwa da bazara, sai madafa suka riƙa dafa mai yawa a watan Maris, suna ajiyewa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. A birnin Munik an haƙa irin waɗannan ɗakuna a gaɓar kogin Isar, ana jibga musu ƙanƙarar da aka sara daga tafkuna da hunturu, sa'an nan a dasa itatuwa a bisa don inuwa. Harshe ya riƙe wannan tarihi: sunan "lager" daga kalmar Jamusanci mai ma'anar ajiya ya fito, "Märzen" kuwa daga sunan watan Maris. A cikin wannan sanyi yistin da ke aiki a kan digiri 7 zuwa 13 ya rinjayi na da, wanda ya fi son 15 zuwa 22. Sai a 2011 masana suka gano ɗaya daga cikin iyayen wannan yisti mai jure sanyi a dazuzzukan Fatagoniya, can Kudancin Amurka.

An ɗage dokar a 1850, amma madafa ba su huta ba, domin duk shekarar da hunturu ya yi sauƙi ƙanƙara takan yi tsada. Abin da ya raba su da wannan wahala shi ne injin sanyi na Carl von Linde, wanda aka fara gwadawa a kamfanin Spaten na Munik wajen 1873. Bayani ya biyo baya: Louis Pasteur ya buga littafinsa a kan giya a 1876, Emil Christian Hansen kuma ya ware yisti iri guda tsantsa a Carlsberg a 1883.

Da aka sake wa masu dafawa a gida mara, a Ingila a 1963 da Amurka a 1978, sai tsohuwar matsalar ta dawo ɗakin girki. Wani ya sa tukunya a firji mai na'urar daidaita sanyi, wani ya tsoma ta a kwanon ruwa ya lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, dabarar da duk mai randa ya sani.

Masu dafa burukutu cikin Maguzawa, da masu pito a arewacin Gana, wata hanya dabam suka bi. Ba su da ƙanƙara, ba su kuma nemi ajiya ba. Tsamin da Bajamushe ke gudu shi ne ɗanɗanon da mashayansu ke nema, abin da aka dafa kuwa cikin 'yan kwanaki ake shanye shi.