Zafin da Lissafi Ya Ƙi Amincewa da Shi

A 2012, masu bincike a Jami'ar Tokyo suka sanya wani sinadari mai ƙyalli cikin ƙwayar halitta mai rai, suka ce cibiyarta ta fi kewayenta zafi da kusan digiri 1. A 2013, tawagar Mikhail Lukin a Harvard ta auna ɗumin ƙwaya da ƙurar lu'ulu'u.

Sai Guillaume Baffou ya yi lissafi a Faransa a 2014: makamashin da ƙwaya ɗaya ke ƙonawa bai isa ya ɗumama ta haka ba. Ratar ta kai ninki 100,000. Hujjarsa ta fi gamsar da ni, domin kaurin ruwan ƙwayar ma yana sauya ƙyalli. Duk da haka, a 2018 wasu masana a Paris suka ce mitokondiriya, murhun ƙwayar, tana kaiwa digiri 50.