Yadda magani ya koma guba a wasannin gem

Daren Asabar a hostel ɗinmu nan Ibadan, ina buga Divinity: Original Sin II a kwamfutar abokin ɗakina. Na kai wajen awa ɗaya ban ajiye wasan ba. Fane, wanda ƙwarangwal ne da ya taso bayan mutuwa, ya kusa faɗuwa, sai na yi saurin ba shi kwalbar magani. Nan take ya mutu. Abokina ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai ai a wannan wasan guba ce ke warkar da matattu masu yawo, magani kuwa kashe su yake yi. Haushi ya sa na ture aikin babi na biyu gefe, na shiga tonon inda wannan doka ta samo asali.

Tushenta ba ma a kwamfuta yake ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan tebur ne na takarda da jefa ƙuri'a. Tun kafin nan, a wasan da Arneson ke yi da abokansa, wani ya ɗauki matsayin mai shan jini ya gagari kowa, shi ne aka ƙirƙiro malamin addini don ya yi maganinsa. Wannan malamin shi ke warkar da abokan tafiya, shi ne kuma ke korar matattu. Tunda aikin biyu a hannu ɗaya suke, sannu a hankali sai aka ɗaure su da dalili guda. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya faɗe shi ƙarara: sihirin warkarwa ƙarfin rai ne, don haka yana ƙona abin da mutuwa ke motsawa.

Japanawa ne suka mai da abin dabara. A Final Fantasy VI na 1994 akwai wani jirgin ƙasa na fatalwa da ke ba mutane wahala, amma ka jefa masa Phoenix Down guda ɗaya, wato abin da ake tayar da wanda ya faɗi, shike nan faɗa ya ƙare. Final Fantasy X na 2001 ya juyo da ita kan ɗan wasa. Yunalesca za ta mai da mutanenka zombi, sannan ita da kanta ta yi musu sihirin warkarwa don ta hallaka su. In kuma ka yi wayo ka cire zombin daga jikin kowa, sihirinta na kisa zai share ku gaba ɗaya, domin zama zombi ne ke kare mutum daga gare shi. Wannan wallahi mugunta ce, amma a ganina nan ne dokar ta fi yin ma'ana.

Dark Souls na 2011 bai bi wannan hanya ba. Kai kanka matacce ne, kuma kwalbar Estus da kake cikawa a bakin wuta an yi ta ne don irinku. D&D ma ya sassauta a bugun 2014, inda sihirin warkarwa ba ya yi wa matattu komai, ba amfani ba illa.

Shi kuwa Larian, kamfanin Beljiyam da ya yi Divinity a 2017, tsohuwar dokar ya riƙe. Yanzu duk kwalbar guba da na tsinta a jakar Fane nake zubawa. Babi na biyu kuma ranar Alhamis malam yake jiransa.